Makullin Ɗakin Mujallu

Yaya Injiniya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya zaman dajin nan da kamfani ya kai ku? Ina fata murar ta sake ka. Mu nan lafiya, yara suna makaranta, ni ma ina fama da nawa ɗaliban. Tun da waya ba ta shiga wurinku sai an hau tudu, kuma ranar da ta shiga ka kashe ta ina tsakiyar magana, na ga gara in rubuto. Direban motar kayanku ya ce zai kawo maka hannu da hannu.

Maganar Inna ce, Gwaggonka. Gwiwoyin nan sun ƙi. Likita ya ce ƙashin ne ya cinye, magani sai dai ya rage zafi, kuma ya hana ta hawa da sauka. Rabonta da taka tsakar gida tun kafin damina. Abinci sama, ruwan wanka sama, komai sai an hau da shi an sauko da shi. Matar da ka sani ba ta iya zama wuri ɗaya, yanzu wuni take a bakin taga tana leƙen titi. Ƙawayenta duk tsofaffi ne irinta, babu mai iya hawa benen nan. Sai su tsaya a ƙasa su ɗaga murya, ita ma ta ɗaga tata, duk unguwa ta sha hirarsu.

Ka san ƙasan gidan nan: kicin, banɗaki, ɗan falon da ya zama hanyar kowa, sai ɗakinka mai kwaɗo. Abin da nake roƙo musanya ce kawai. Inna ta sauko ɗakinka, kayanka su hau nata. Nata ya ma fi naka girma, ga iska. Ko takarda ɗaya ba za a zubar ba, ni da kaina zan tsaya a kan masu ɗauka.

Makullin yana wurinka. Ka ba direba ya taho da shi.

Inna tana gaishe ka. Ta ce ka riƙa cin abinci, wai a hoton da ka aiko wuyanka ya ƙara tsawo.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwa. Mura ta tafi, sai ciwon baya ya karɓe ta. Ki gaishe min da Gwaggo da kyau, ki ce mata wuyana yana nan yadda ta san shi. Ga man shafawa da ɗaurin gwiwa nan na ba direba, likitan kamfani ya ce suna aiki.

Wayar nan ba kashe ta na yi ba, yankewa ta yi. Amma da na ji inda kika dosa ban sake hawa tudun ba, wannan kam gaskiya ne.

"Kayanka." Haka kika rubuta, sai ka ce buhunan gawayi na jibge muku. Ko kin manta yadda ake samun mujallun kwamfutar nan? Sai sun yi watanni da fitowa a ƙasarsu kafin su iso shagon mai littattafai na bakin tasha, kwafi biyu tak, ni da wani ma'aikacin banki muke rige-rige a kansu. Da ƙafa nake zuwa. In na samu ba na buɗewa a hanya. Sai na zo gida na wanke hannu, sannan in ɓare ledar a hankali don kada faifan kwamfutar da aka manna a bangonta ya kwashe hoton. Har shafukan talla nake karantawa, jerin kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, ina haɗa kwamfuta a kaina wadda ba ni da halin saya. A cikinsu na koyi duk abin da na ci abinci da shi. Babu makarantar da ta koya min.

Kowace kanta a ɗakin nan shekara guda ce. Kowace mujalla tana bin wadda ta gabace ta, faifanta yana cikinta, ga 'yan takardun da na sa alama a inda aka yi bayanin gyara. Ki kawo 'yan dako su rungumo su kamar itace, shi ke nan an gama da ni. Sannan ɗakin sama rufin kwano ne. Faifan filofi ba ya jure zafi, narkewa abin da ke cikinsa yake yi ba tare da an gani ba. Kusurwar gabas kuma tana yoyo, ni na sa bokiti a wurin da hannuna.

Ga Giwa, kwamfutar farko da na haɗa. Namiji ɗaya ba ya ɗaga ta, monitarta kaɗai ta isa ta karya wa mutum ƙugu a benen nan. Kin tuna in na murɗa ɗan makullinta na danna, fanka ta ɗauka, lambobi su hau gudu a allo tana ƙirga ƙwaƙwalwarta, sannan ta yi ƙara ɗaya, tit? Ma'anar wannan ƙarar komai lafiya. Na'ura ce mai gaya wa mutum halin da take ciki. Ki buɗe ta da sukundireba ɗaya, ki ga komai a fili, ki cire wannan ki sa wancan.

Zo ki ga abin da nake yi a nan. In na'ura ta lalace ba a gyarawa, a cire ta a jefa a kwali a ɗauko sabuwa. An manne komai da gam, ko sukuru ɗaya babu. Yaran ofis Baba Sukundireba suke ce min, suna zaton ba na ji. Ranar nan na ce wa ɗaya a cikinsu da a mujalla muke kwafo shirin kwamfuta mu buga da hannu, ya tambaye ni ko a lokacin akwai lantarki.

Ba na cewa a bar Gwaggo a sama. Ki samu ƙarti biyu su riƙa sauko da ita a kujera da safe, su mayar da ita da yamma, ni zan ji da su. Maganar ɗaki ki bari sai na zo hutu, in kwashe da hannuna yadda ya kamata. Kafin nan ba na son a taɓa.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa. Allah ya sauwaƙe ciwon bayan. Man ya iso, an gode, yana ɗan sa ta barci. Ɗaurin ya yi mata kaɗan, ƙafar ta kumbura fiye da yadda kake zato.

Na karanta wasiƙarka na sake karantawa, ina neman inda ka tambayi yadda take kwana, ban gani ba. Inna ta samu gaisuwa, Giwa ta samu sauran takardar.

Kujerar da ka ce mun gwada. A kwanar benen ɗaya ya zame, Allah ne ya tsare. Ta riƙe wuyan ɗayan tana salati, zanenta ya kwance, ga maƙwabta a ƙofa suna sannu. Da aka mayar da ita ta juya fuska bango, ta ce ba za a sake ɗaukarta kamar ƙullin wanki a gaban jikokinta ba. Hutu kuwa, wane hutun? Na bara ka ce aiki ya riƙe ka, na bana ka ce hanya.

Kuma kada ka ƙara tambayata ko na manta. Wa ya manta? Ni ce nake dawowa daga makaranta, ko kaya ban cire ba ka zaunar da ni a kan kwali, ka ɗora min mujalla a cinya da rula, in riƙa karanta maka shirin wasan nan layi-layi kana bugawa. Rubutu ƙanana kamar tururuwa, lamba, waƙafi, baka, ban san ma'anar ko ɗaya ba. In an gama ya ƙi tashi, laifina ne, ni na tsallake layi, sai mu koma daga farko. Ranar da ya tashi, wani ɗan jirgi yana harbin duwatsu a baƙin allo, ka yi tsalle ka fita kiran abokanka. Su suka yi wasan. Ni da na miƙa hannu kan madannai ka buge min yatsu, wai hannuna da maiƙo. Har yau ban taɓa danna harafi ɗaya a Giwarka ba. In kana son sani, ni ma ina son warin takardar nan, ni ma ina kewar ihun firintar nan mai kamar ana yaga zane. Sai dai ni ban mai da su iyayena ba.

Zan gaya maka abin da na yi don kada ka ji a bakin wani. Na kira kafinta don ya cire kwaɗon. Inna ta hango shi ta taga da guduma a hannu, ta kira ni. Ta ce, "Auta, in aka taɓa ƙofar nan ban yafe ba. Ɗakinsa ne. Ni na raine shi tun da babansa ya rasu, na san halinsa. Zai aiko da makulli da kansa, ba sai an kunyata shi ba." Kafinta ya tattara kayansa ya tafi, ni kuma na shiga kicin na yi kukana.

To ka ji. Ba kwaɗonka ne ya hana ni ba, kwaɗon da dutse ɗaya zai gama da shi. Ita ce. Duk ranar da ta ji ƙugin motarku a layi, sai ta ce in duba ko direba ya zo da saƙo.

Ɗan jari-bola ya zo ɗaukar mataccen firjin nan. Ya leƙa ta tagarka ya ce suna sayen irin waɗannan tsofaffin kwamfutocin, wai akwai zinariya a cikinsu. Na ce masa mai su ya fi shi sanin haka.

Auta

*

Auta,

Lafiya nake. Ina fata Gwaggo da yara suna lafiya.

Wato abin har ya kai ga kawo ɗan jari-bola ya yi wa ɗakina kallon kasuwa. Yau kafinta, gobe mai sikeli. Kin san abin da suke yi da su? Na taɓa gani da idona a bayan kasuwa. Guduma suke sa wa monita, su ɓalle bod, allon da kayan ciki suke kai, su ƙona shi a gwangwani don ɗan abin da ba zai cika farce ba, sauran su watsar a kwata. Mujallu kuma a auna su a kilo, a kai wa masu ƙunshe kaya. Shafin da na yi wata ina jira, a naɗe ƙusa a ciki. Tun da na karanta layin nan ban iya cin abinci ba.

Yatsun da na buge miki tun kina firamare, sai yau kika kai ni ƙara. Madannan nan kowane harafi da nasa sifirin a ƙarƙashi, in ɗaya ya mutu babu inda ake samun irinsa a garin. Ke kuma kullum hannunki cikin kwano. Na ji, na yi zafi. Amma wa ya koya miki karanta Turancin da kike koyarwa yau, in ba mujallun nan da kike rainawa ba?

Ke kina da aiki, kina da yara, kina da Gwaggo a gefenki. Ni me nake da shi? Shagona ya mutu ina kallo, ranar da kowa ya koma shafa waya. Wanda ya koyi riƙe sukundireba a hannuna, yau shi ke sa hannu a takardar hutuna, kuma ya sake ɗage shi. Matata ta tafi kin sani. Wuri ɗaya ya rage min a duniya wanda in na shiga nake jin ni ma na taɓa zama wani, shi ne ɗakin nan. In na kwanta a kwantenar da suka ba mu a nan, kanta-kanta nake binsa a zuciyata har barci ya ɗauke ni. Shi kike so in ba direba a ambulan.

Gwaggo ta fi ki sanina, shi ya sa ta hana ki. Ki bi maganarta. Ki sa a buga katako a tagar nan ta waje, ba na son kowane ɗan bola ya sake leƙa min ɗaki. Duk wanda ya taɓa ƙofar nan ba da izinina ba, ni da shi sai dai gaisuwar hanya, ko waye.

Zan tambayi likitan kamfani ko akwai ɗauri babba.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa. Muna nan yadda ka bar mu.

Ka koma ka karanta wasiƙata da tabarau. Firji ya zo ɗauka. Ban kira shi don kai ba, ban tambaye shi farashi ba, korarsa na yi. Wannan bayanin na rubuto maka tun tuni a wata wasiƙar, motarku ta zo ta koma, ta sake zuwa, babu amsa. Na buga katakon da ka ce, ka kwantar da hankalinka.

Babbar ƙawar Inna, mai ɗinkin nan ta bayan layi, ɗanta ya zo ya tafi da ita garin da yake aiki, ba kuma dawowa za ta yi ba. Ta zo sallama ina makaranta. Ta tsaya a ƙasa, Inna ta ce ita ba za ta yi sallamar shekara da shekaru ta taga ba. Ta zauna a kan bene ta riƙa jan jiki tana saukowa. A tsakiya ƙafar ta riƙe, ba sama ba ƙasa. Ɗan yana ta danna ham, mota ta cika, dole ƙawar ta tafi. Ko hannu ba su haɗa ba.

A nan na dawo na same ta bayan azahar, ta jingina kai da bango, ta ɓata zanenta. Abin da ta fara ce min shi ne kada in gaya maka, wai hankalinka zai tashi a wurin aiki.

Ga shi na gaya maka. Ka yi yadda ka ga dama da shi.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa gare ku duka. Ruwa ne ya cinye gadar da ke tsakaninmu da babban titi, motar da ke zuwa muku daga babban ofis take tasowa, ba ta isowa wurinmu. Wasiƙunki biyu tare suka zo. Na ga maganar firji, na fahimta. Abin da ya samu Gwaggo ya taɓa ni ƙwarai, Allah ya ba ta lafiya. Ki riƙa barin wani a gida in za ki fita.

Yanzu ki natsu ki karanta wannan da kyau, don ba ya jira. Shekaranjiya aka ce mu kwashe tsohon sito, muka samu wata kwamfuta sa'ar Giwa. Na buɗe ta don marmari. Auta, bod ɗin ya ruɓe. Akwai wani ɗan batir da ake liƙa wa na'urorin wancan zamani don riƙe agogo. In ya tsufa yoyo yake yi, ruwan ya bi siraran hanyoyin tagulla ya cinye su, komai ya koma kore. Mujallun sun yi ta gargaɗi a kai, ni da kaina na cire wa mutane ba adadi. Na Giwa ne ban cire ba. Ina ta cewa sai na zo. Yana can a ciki yanzu haka, ga damshin damina, kuma kin rufe tagar da katako ko iska ba ta shiga.

Ga makullin nan na naɗe a takarda. Ranar da ya iso ki buɗe, kada ki kwana. Sukundireba mai jan kai tana cikin aljihun tebur na sama. Ki fara taɓa ƙarfen famfo da hannu biyu don lantarkin jikinki ya sauka, kafin ki taɓa komai a ciki. Kada ki sa ta a wuta, ko da wasa. Ki kwance sukurorin baya, ki ja murfin ya zo wajenki sannan ki ɗaga. Kusa da inda wayar madannai take shiga za ki ga wani abu shuɗi kamar ƙaramar ganga, bai wuce gaɓar babban yatsa ba, da ƙafa biyu. Ki datse ƙafafun da filaya, kada ki fizga. In kin ga kore ko fari-fari a kusa, ki ɗiga ruwan kal a auduga ki goge a hankali, ki bi da tsohon buroshin haƙori, ki bar shi ya bushe. Ke kaɗai za ki shiga. Na san za ki iya, hannunki ya fi na kowa natsuwa a gidan nan.

In kin gama ki rufe, ki mayar da kwaɗon, ki ba direba makullin tare da bayanin abin da kika gani. Maganar ɗaki tana nan, za mu yi ta in na zo.

Don girman Allah kada ki yi fushi ki ajiye wannan. In bod ɗin nan ya tafi babu irinsa.

Yayanki

*

Yaya Injiniya,

Gaisuwa. Kowa lafiya. Inna ta fi kowa.

Bari in fara da abin da ya dame ka, don na san in ban fara da shi ba tsallake sauran za ka yi. Na taɓa famfo. Na kwance sukurorin. Batirin ya fara yoyo a ƙafa ɗaya, kore kaɗan, bai kai ga hanyoyin ba. Na datse, na goge da ruwan kal, ya bushe. Giwarka ta tsira. Ka ci abinci.

Yanzu saura nawa. Da direba ya zo ina kicin hannuna da kumfa, sai ya hau ya gaishe da Inna ya ba ta ambulan ɗin. Ka san ba ta karatu, amma yatsunta lafiyarsu ƙalau. Ta shafa ta ji makulli. Ina hawowa na same ta ta rungume ambulan a ƙirji tana hawaye tana dariya. Ta ce, "Ban gaya miki ba? Ban ce miki zai aiko ba? Karanta min, Auta, me ya ce?"

Na buɗe na bi da ido har ƙasa. Wata da watanni ina roƙonka don gwiwar matar da ta goya ka, ka ce a jira hutu. Ta wuni a kan bene cikin fitsarinta, ka ce in riƙa barin wani a gida. Batir mai girman yatsa ya yi barazanar yoyo, sai ga makulli a motar farko, har da don girman Allah. Kuma in na gama in kulle in mayar maka.

Tana kallon bakina. Ta ce, "Saboda ni ya aiko ko?"

Na ce saboda ke ne, Inna. Na riƙe takardarka a gabana na karanta mata abin da babu a ciki. Na ce ka ce ba ka iya barci tun da ka ji labarin bene. Na ce ka ce ɗaki nata ne, da shi da mai shi. Na ce ka ce a yi maza kada ta ƙara kwana a sama. Ban taɓa yi wa uwata ƙarya irin wannan ba, kuma bakina bai ko sarƙe ba. Da na gama ta ce in maimaita mata wurin barcin.

Washegari aka sauko da ita, ita ta ce a kawo kujerar. Aka ajiye ta a ƙofar ɗakinka, kuma ita ta tsaya a kan kwasar kayanka. Kanta ɗaya kwali ɗaya, ta hana a haɗa. Duk wanda ya ɗauka sai ya wanke hannu tana gani. Wani ya riƙo mujallu ta gefe faifai ya zame, ta yi masa faɗan da rabona da jin irinsa tun muna yara. An gyara yoyon kusurwar, an sa sili saboda zafi, Giwa tana kan teburinta da mayafi a kai. Ko takardar alama ɗaya ba ta faɗi ba. Abin da ka ce ba zai yiwu ba, kafin la'asar an gama.

Yanzu da sanda take fita tsakar gida da kanta. Jiya ta zauna a ƙofar gida har rana ta faɗi. Duk wanda ya wuce sai ta tsayar da shi ta gaya masa ɗanta Injiniya ya bar mata ɗakin da ko ƙuda ba ya bari ya shiga. Albarkar da ta sa maka a kwanakin nan, ni da nake wanke mata ƙafa ban samu rabinta ba. Ina tsaye ina ji, ina cewa amin.

Ka ce duk wanda ya taɓa ɗakin nan kai da shi sai gaisuwar hanya. Na karɓa, ya ma fi min sauƙi. Kada ka sake rubuto min. Ita za ka rubuta wa, kuma ka rubuta abin da zan iya karanta mata yadda yake, don ba zan ƙara yi maka ƙari ba.

Direba ya tambaye ni makulli, na ce babu. Yana ɗaure a bakin mayafin Inna, da shi take kwana. In kana son abinka ka zo ka karɓa a hannunta, ka gaya mata da bakinka dalilin da ya sa ka aiko shi.

Auta